Badaru Direba da Takardar Asali

Fayil ɗin Badaru Sanda shi ne na goma sha huɗu a jerin ma'aikatan kwalejinmu, kuma yana cikin marasa kauri. Akwai takardar ɗaukar aiki ta watan Maris na 2009, da kwafin lasisin tuƙi da aka sabunta sau biyar, da takardar likita, da wasiƙar yabo guda ɗaya da aka rubuta masa a shekarar da ruwa ya cika titin Oko-Oba ya fito da ɗalibai lafiya. Babu takardar gargaɗi ko ɗaya. Ni ne akawun rajista, sunana Ashiru, shekara goma sha bakwai ke nan ina riƙe da fayilolin nan. Abin da zan faɗa a kansa, wani daga takarda na ɗauko, wani da idona na gani, wani kuma shi ya ba ni da bakinsa.

Kwalejin tamu ƙarama ce, mai zaman kanta, a nan Agege. Ana koyar da kwamfuta da aikin ofis. Mota ɗaya gare mu, farar bas mai kujeru talatin, kuma tun da aka saye ta hannun Badaru kaɗai ta sani.

An haife shi a Zangon Agege a 1971, a unguwar da aka haifi mahaifinsa Sanda, mai ɗaurin goro. Ya bar makaranta a aji uku na sakandare ya bi danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, yana kiran fasinja, daga baya ya kama sitiyari, ya yi shekara tara tsakanin Agege da Oshodi. Ya koma jigilar tumatir da albasa daga Mile 12 zuwa kasuwannin cikin gari, har bayansa ya fara ciwo, sannan ya zo wurinmu. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. Na taɓa ganin ya yi wa wani ɗan tasha faɗa a Ojota, mutumin ya tsaya yana kallon hularsa yana kallon bakinsa, ya kasa haɗa su. Hausarsa kuma ta Legas ce, kowace magana da "abi" a wutsiyarta. Ni da na zo daga Malumfashi da girmana, har yau in zan je Ikorodu sai na tambaye shi inda zan sauka.

A fom ɗinsa na ɗaukar aiki, gurbin jihar asali, ya rubuta Kano. Gurbin ƙaramar hukuma ma ya rubuta Kano. Ranar da na karɓi fom ɗin na tambaye shi wace unguwa, ya ce, "Cikin gari dai, Akawu." Ban ja ba. Daga baya na gane cewa iyakar tafiyarsa ta arewa Jebba ce, sau ɗaya, da ya kai gawar wani abokin aikinsa. Ba shi kaɗai ba ne. Da yawa daga tsofaffin gidajen Zango haka suke cika fom. Uba ya rubuta Kano, ɗa ya gani ya rubuta, kuma makaranta ba ta neman shaida, asibiti ma ba ya nema.

Kowace shekara a watan Mayu muna kai ɗaliban ajin ƙarshe ziyarar wuraren aiki: kamfanin fasaha ɗaya da safe, hukumar gwamnati ɗaya da rana. Ina bin su saboda rajista. Ni ke ƙirga su a shiga da fita, ni ke tattara duk wata takarda da aka ba su. A duk tafiye-tafiyen nan Badaru bai taɓa shiga gini ba. Yakan ajiye mota a inuwa, ya buɗe ƙofarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan taya, ya kunna rediyo. An sha ce masa ya shigo ya sha sanyi.

"Wurin masu takarda ne," yakan ce. "Ni tawa takardar ga ta nan da taya huɗu."

"Shida ne," na ce masa wata rana.

"Ka gani ko? Shi ya sa aka ba ka biro aka ba ni makulli."

Tafiyar 2024 ta bambanta da sauran, domin a cikin ɗalibai ashirin da bakwai akwai 'yarsa ta biyu, Radiyya. Yarinya ce mai shiru, ta fi kowa maki a ajinsu shekara biyu a jere. Talata ce, sha huɗu ga Mayu. Mun tashi ƙarfe bakwai da minti goma. Ranar Badaru ya sa farin yadi da guga, abin da ba ya yi sai Juma'a. Radiyya ta wuce can kujerar baya ta zauna, kamar ba ta san direban ba, ƙawayenta suna ta zolayarta.

"Oga direba, a hankali fa, akwai 'yar manya a motar nan," in ji ɗaya daga cikinsu.

"'Yar manyan ta wanke kwanukan safe kafin ta fito, abi?" ya ce yana kallon madubi.

"Baba, don Allah," in ji Radiyya, ta rufe fuska da mayafi.

Kamfanin farko a Yaba yake, hawa na uku. Babu ofis-ofis, babban ɗaki ne guda da tebura dogaye, matasa kowa da abin sauraro a kunne. Wanda ya tarbe mu gajeren wando ne a jikinsa, na ɗauka ɗan aike ne, ashe shi ne shugaban sashen. Bai tambayi kowa sunan mahaifi ko gari ba. Tambayarsa ɗaya ce: me ka taɓa haɗawa da hannunka? Radiyya ta nuna masa wata 'yar manhaja da ta yi a wayarta, wadda ke jera motocin kaya bi da bi a Ketu don kada direbobi su yi rigima kan wanda ya riga zuwa. Daga labaran mahaifinta ta samo dabarar. Mutumin ya duba, ya yaba, ya ce a bana ba su da sauran gurbi amma ta ajiye adireshinsu.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka isa hukumar gwamnatin da ke Ikeja, wadda ke tattara bayanai a kan zirga-zirgar motoci. Aka shiga da mu wani ɗaki mai sanyi wanda bangonsa guda allunan talabijin ne, kowanne yana nuna wata mahaɗar titi kai tsaye. Ɗalibai suna ta neman unguwarsu a ciki. Radiyya ce ta ƙarshe da ta bar gaban allunan, sai da na kira lambarta ta rajista sau biyu.

Daga nan wata jami'a, mace mai kimanin shekara hamsin da tabarau a rataye a wuya, ta yi musu bayani. Hukumar za ta ɗauki mutum takwas horon shekara guda a sashen bayanai, kuma daga cikinsu ake zaɓar ma'aikata. Za a rufe karɓar fom ranar Juma'a ashirin da huɗu ga wata, ƙarfe huɗu. Ta jero abin da za a haɗa da shi, na rubuta: sakamakon makaranta, takardar haihuwa, hoto biyu, da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma.

"Kowace jiha ka rubuta, ba matsala," ta ce. "Amma ka kawo takardar wurin da ka rubuta. In babu ita, fom ɗin ba ya wuce teburina."

Ɗalibai goma sha tara suka karɓi fom, suka cika abin da za su iya a nan take, na tattara don in riƙe har su kawo sauran. A mota, muna cikin cunkoson titin Oba Akran, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba. Na Radiyya tsaf yake, rubutu kamar na inji, sai dai gurbi biyu da ta bari fari: jihar asali da ƙaramar hukuma. Da aka sauke ɗalibai na tsayar da ita a bakin ofis.

"Kin manta wuri biyu."

"Ban manta ba, Malam. Ban san abin da zan sa ba ne."

"A fayil ɗinki Kano ne."

"Na sani. Baba ne ya cika. Amma wace ƙaramar hukuma zan je? Wa zan ce musu ni ce?"

Badaru yana goge gilashin mota, ya ji mu. Ya taho da tsumma a hannu.

"Mene ne abin wahala? Ki sa Kano. Mu Kanawa ne. Takarda kuma akwai wani a tasha, Khamisu, motarsa na zuwa Kano duk mako. Kwana uku ya kawo miki ita da hatimi da komai. Kowa haka yake yi."

"In suka tambaye ni sunan mai unguwarmu a can fa?"

"Ki ce ya rasu."

"Sunan unguwar fa?"

Ya juyo wurina.

"Akawu, kai ɗan arewa ne na gaske. Faɗa mata wata unguwa mai daɗin suna."

Na ce masa ba zan iya ba. Na ce fom ɗin nan ta hannuna zai bi, da wasiƙar kwaleji a kansa, kuma ba na sa hatimi a kan abin da na san ba haka yake ba. Na ƙara da cewa aikin gwamnati ba kamar shiga makaranta ba ne. Takardar za ta zauna a fayil ɗin yarinyar shekara talatin, duk ranar da wani ya so ya tone ta zai tone.

Bai ji daɗin maganar ba. Kwana biyu yana ajiye mini littafin tafiyar mota a kan tebur ba tare da ya zauna ba, alhali kullum sai ya zauna ya sha ruwa ya ba ni labarin titi. Radiyya kuma ta koma hukumar ita kaɗai ranar Alhamis ta yi tambaya. Jami'ar ta ce mata idan a Agege aka haifi iyayenta da ita, tana iya neman takardar a nan, amma tunda takardunta na baya sun ce Kano, sai mahaifinta ya yi rantsuwa a kotu ya gyara, ya haɗa da wasiƙar mai unguwa da duk wata tsohuwar shaida ta zaman gidansu. Ta kawo wa mahaifinta wannan bayani, ya ce ba zai yi ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya same ni.

"Gobe kana da aiki?"

"Babu."

"Iya ta ce akwai takardun kakana a akwatinta. Rubutun Turawan da ne, mai kwanciya, yarinyar nan ta kasa karantawa. Ka zo ka karanta mata, ta ji da kunnenta cewa daga Kano muke, ta bar ni in huta."

Na je ranar Asabar da hantsi. Gidan dogo ne, ɗakuna suna kallon juna, rabinsu na 'yan haya. Mahaifiyarsa, Iya Hansai, tana zaune a ƙarshen baranda a kan tabarma tana tsince wake. Ta haura saba'in da biyar, idonta garau. Ba ta kiran sunan Badaru saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce Mai Mota. Ta sa Radiyya ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe, ƙamshin tsohon ganyen goro ya taso. A ƙasan zannuwa akwai wata jakar fata, a cikinta takardu biyu.

Ta farko ɗan littafin sallama ne daga soja, ruwan ƙasa, gefensa ya cinye. Na karanta a hankali. Suna, Audi Kano. Wurin shiga soja, Kano, watan Fabrairu 1942. Wurin sallama, Legas, 1946. Hali, mai kyau. Ta biyu takardar fili ce ta 1951, da dangwalen babban yatsa, ta filin da muke zaune a kansa.

"To kin ji," in ji Badaru. "Audi Kano. A rubuce."

Iya Hansai ba ta ɗago daga wakenta ba.

"Kwana goma sha ɗaya ya yi a Kanon," ta ce.

"Wa?"

"Kakanka. Shi ya faɗa mini, lokacin da ƙafarsa ta kumbura ina gasa masa. Daga wani ƙauye ya taso can gaban Daura, shekarar da hatsi bai yi ba. Ya tako a ƙasa har Kano, ya ji ana ɗaukar soja ana ba da abinci. Da ya zo gaban mai rubutu aka ce masa daga ina, ya faɗi sunan ƙauyen. Mai rubutu ya ce bai san shi ba. Ya sake faɗa, ya ce bai san shi ba. Sai kakanka ya ce to nan ina ne? Aka ce Kano. Ya ce a rubuta nan ɗin."

"Mene ne sunan ƙauyen, Iya?" Radiyya ta tambaya.

"Ya faɗa, ban riƙe ba. Ina da goyo a lokacin, abin da ke kaina ya ishe ni. Shi ma ya ce ko ya koma ba wanda zai tarar."

Badaru ya zauna a kan bokitin da ke kife kusa da shi.

"Baba ya sani?"

"Ya sani mana."

"Amma kullum cewa yake mu Kanawa ne."

"To me zai ce? A Zangon nan kowa da garinsu. Wannan Bakatsine, wancan Bazazzagi. In ka ce kai ba ka da gari, a wace tabarma za ka zauna? Ni kaina da sunan Bakano aka ba shi ni. Sai da na haifi uku na ji labarin kwana goma sha ɗaya."

"Shekara hamsin, Iya, ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ka taɓa tambayata? Ku maza ku ke cika takarda. Mu sai dai a ce mu dangwala."

Radiyya ta yi dariya, ta ga fuskar mahaifinta ta haɗiye. Ya karɓi ɗan littafin daga hannuna yana juya shi. Can ya ce, ba da kowa ba, "Yanzu in je gaban hukuma in ɗaga hannu in ce ubana ya yi ƙarya."

Na ce masa takardar rantsuwa ba ta buƙatar haka. Na ciro biro na rubuta masa a bayan wata ambulan abin da za ta ƙunsa, layi biyar: cewa an haife shi a Agege, cewa an haifi mahaifinsa a Agege, cewa kakansa ya zauna a Agege daga 1946 har ya rasu, kuma a nan aka binne shi, cewa Kano da ke takardun 'yarsa daga littafin sojan kakansa aka ɗauko ta, cewa yana roƙon a gyara. Na karanta masa sau biyu.

"Akwai ƙarya a ciki?" na ce.

"Babu."

"Akwai zagin wani?"

"Babu. Amma 'yan tasha za su cinye ni ɗanye."

"Sun daɗe suna cin ka," in ji Iya Hansai. "Mai Mota, yarinyar nan tun tana rarrafe kake ba ta labarin titi. Yanzu ta samu inda za ta zauna ta kalli titin gaba ɗaya, kai kuma ka tare mata hanya da garin da ko tasharsa ba ka sani ba."

Badaru ya miƙe. Ya ninke ambulan ɗin ya sa a aljihun gaba, ya raka ni har bakin titi, bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba.

Ranar Litinin ƙarfe takwas ya shigo ofishina ya nemi takardar izinin fita. Na duba, rabon da ya nemi izini tun 2017. A makon nan ya nema sau huɗu, duk rabin yini. Litinin ya je wurin mai unguwa, wanda ya san Sanda, ya rubuta masa wasiƙa. Talata ya je kotu. Radiyya ta ce mini da aka miƙo masa Alƙur'ani sai ya ce a dakata, ya fita ya sake alwala, ya dawo ya sa aka karanta masa layukan biyar da Turanci, ya maimaita su da Hausa don kansa, sannan ya rantse. Laraba suka je sakatariyar ƙaramar hukuma aka ce su dawo. Alhamis suka koma, aka shigar da shi gaban wasu dattawa uku da ke tantancewa. Ɗaya daga cikinsu, wani tsoho Bayerabe, ya yi ta yi masa tambayoyi da Yarbanci: wane ne ke da shagon da ke kusa da tsohuwar tashar jirgi, wace shekara kasuwar goro ta yi gobara, ina rijiyar da aka cike aka yi masallaci a kanta. Badaru ya amsa duka, har ya gyara wa tsohon shekarar gobarar. Tsohon ya ce ai ya tuna Sanda, dogo mai tsaga a goshi, wanda in ya ɗaure huhun goro ko a jefo shi daga kan tarago ba ya kwancewa. Badaru ya ce mini a nan ne kawai ya ji idonsa ya kawo ruwa.

Takardar asalin ta fito ranar Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Radiyya ta cike gurabenta biyu a kan teburina, Legas, Agege, na haɗa fom ɗinta da sauran. Daga goma sha tara, goma sha shida ne suka kammala. Bayan sallar Juma'a muka ɗauki motar kwaleji mu uku zuwa Ikeja, muka isa uku saura kwata.

Ya ajiye mota a inuwar da ya saba. Na sauka da fayil, Radiyya ta sauka. Sai na ji ya kashe rediyo, ya kulle ƙofa, ya biyo mu yana gyara hula.

"Ina zuwa?" na ce.

"Ni na rantse a kanta. Zan ga inda za a ajiye ta."

A bakin ƙofa aka ba shi katin baƙo ya rataya. A lif ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, Radiyya ta yi kamar ba ta gani ba. Jami'ar ta sa tabarau ta bi fom-fom ɗin ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na Radiyya ta karanta takardar rantsuwar har ƙarshe, ta ɗago ta dube shi.

"Kai ne mahaifinta?"

Ya amsa mata da Yarbanci, da irin gaisuwar da ake yi wa babbar mace. Ta cire tabarau ta sake dubansa, suka yi 'yar magana da ban fahimta ba, ta yi murmushi, ta buga hatimin karɓa. Na rubuta lokacin: uku da minti takwas.

A hanyar fita muka bi ta gaban ɗakin allunan. Badaru ya tsaya a jikin gilashi. Ya daɗe. Ya nuna ɗaya da makullin mota.

"Wannan Ojota ne, abi?"

Wani matashi da ke zaune kusa da ƙofa ya ce e, wata babbar mota ce ta lalace ta toshe layi, suna shirin kiran masu janwe.

"Ba lalacewa ta yi ba," in ji Badaru. "Dubi yadda ya karkata ta. Buhu yake sauke wa matan da ke ƙarƙashin gada. Ka ba shi minti goma zai tashi."

Matashin ya yi dariya. Na duba agogo, don halina ne. Minti takwas motar ta tashi, layi ya buɗe. Matashin ya juyo yana neman mai maganar, amma Badaru ya riga ya kama hanyar matakala. Bai sake shiga lif ɗin ba.

An kira Radiyya jarrabawa a watan Yuni, ta fara horo ɗaya ga Yuli, ita ce ta biyar a cikin takwas. 'Yan tasha kuwa sun yi abin da ya ce za su yi. Har yau in ya wuce, Khamisu yakan ɗaga murya ya ce, "Ga ɗan ƙasa nan, a ba shi hanya, mu baƙi mu matsa." Shi kuma yakan ce, "Ka gaishe mini da Kano, ka ce ina nan tafe." Na lura ya daina cewa mu Kanawa ne. Bai kuma fara cewa wani abu a madadinsa ba. In aka tambaye shi yakan ce, "Gidan Audi Soja, bayan masallaci."

A makon farko na Yuli ya shigo ofis da littafin tafiyar mota, ya zauna, ya sha ruwa. Ya ce in ɗauko fayil ɗinsa. Na ɗauko na buɗe masa fom ɗin 2009, ga rubutunsa da shuɗin biro, Kano sama, Kano ƙasa.

"Gyara shi," ya ce. "Kada nawa ya saɓa da nata."

Na ɗauko rula da jan biro. Ya dafe takardar da hannu.

"Tsaya. Ba shafe shi za ka yi da farin abin nan ba ko?"

Na ce masa a rajista ba a shafewa. Layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta sabon a gefe, a sa kwanan wata, mai gyara da mai fayil su sa hannu. Ya ɗauke hannunsa. Na ja layi a kan na sama, na ja a kan na ƙasa, na rubuta Legas da Agege, na sa huɗu ga Yuli 2024. Na liƙa kwafin takardar rantsuwar a baya. Ya sa hannu, ya ɗaga fom ɗin wajen taga ya duba.

"Ana gani," ya ce.

Ya miƙo mini, ya ɗauki makullinsa. Akwai ɗaliban ajin farko da zai kai Ikorodu ƙarfe goma, kuma ya ce in aka wuce tara da rabi ba a fita ba, Ketu ba za ta bar su su wuce ba.